Imam Fahruddin Razi da Batun Duniyoyi Masu Yawa

An haifi Imam Fahruddin Razi a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, wajen 1150. A hannun mahaifinsa, mai huɗubar garin, ya fara karatu. Ya zaga Buhara da Samarƙandu yana muƙabala da malamai, ya tara ɗalibai da 'yan hamayya, sannan ya zauna a Herat, inda ya rasu a 1210. Tafsirinsa, Mafatihul Gaibi, sananne ne ga malaman ƙasar Hausa.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya saɓa wa mabiya Aristotal masu cewa duniya ɗaya ce tak. A ganinsa, Allah na da ikon halittar dubban duniyoyi bayan tamu. A 1957 Hugh Everett ya kawo ra'ayin duniyoyi masu rassa a kimiyya, wanda gwaji bai tabbatar ba har yau.

Abokaina a Dogo Nini, Potiskum, kan tambaye ni: ashe ke nan garin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana can wani wuri? Nakan ce yiwuwa daban, samuwa daban. Razi yiwuwa ya kafa wa hujja, rassan Everett kuwa ba sa karya dokokin halitta don tatsuniya.

Allah ya jiƙan malam.