Frank Sprague, mutumin da ya ƙi asarar wuta

Ɗan'uwa mai karatu, ka san jan ruwa a rijiyoyinmu na Tibiri. Fiddo guga cike sai da ƙarfi. Amma in ya kuɓuce maka, shi kaɗai zai ruga ƙasa, har igiya ta ƙone maka hannu. Ashe kaya mai sauka yana da ƙarfi nasa. Yau za ka ji labarin wanda ya mori wannan ƙarfi.

Sunansa Frank Sprague. An haife shi a Amurka a 1857. Uwarsa ta rasu yana yaro. Ya yi karatu a makarantar sojan ruwa, ya gama a 1878. A 1883 ya bar soja, ya kama aiki wurin Thomas Edison, mai ƙwan lantarki. Bayan shekara guda ya buɗe kamfaninsa na injin lantarki.

Ga abin da ya lura: injin da wuta ke juyawa, in kaya ne sunka juya shi, shi ma sai ya ba da wuta. A 1886 ya fito da birki mai maido da wuta cikin waya.

A 1892 ya kafa kamfanin lif. Lif, ko asansar, ɗan ɗaki ne da ke hawa da mutane cikin dogon bene. In ka je Yamai, akwai benaye masu shi. Kamar guga yake: ɗaki a wannan bakin igiya, ƙarfe mai nauyi a wancan. In ɗakin ya sauko cike, ko ya hau ba kowa, nauyi ne ke jan injin.

To, ina ƙarfin nan ke zuwa? A lif da yawa, zafi yake zama, ya bi iska. A lif mai maido da wuta kuwa, cikin wayoyin gidan yake komawa, ya kunna fitilu. Kuɗin wuta sai ya ragu.

Sprague ya rasu a 1934, amma dabararsa ba ta mutu ba. Jiragen ƙasa da motocin lantarki ma suna morar ta.

Kai fa, malam? Duba gidanka da gonarka. Wane abu ke zubewa banza, wanda za ka iya tarewa?