Mabel Willebrandt: Malamar firamare da ta zama lauyar haraji, ta share wa Al Capone hanyar kurkuku

 Duk mai kallon finafinan 'yan daban Amurka ya san sunan Al Capone, gogan birnin Shikago da ya addabi jama'a a shekarun 1920. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, duk kashe-kashen da ake dangantawa da shi, ƙin biyan haraji ne ya kai shi gidan yari. Kuma wadda ta share wannan hanya a kotu wata lauyar gwamnati ce mai suna Mabel Walker Willebrandt. Tarihinta ne za mu duba yau.

An haifi Mabel a ranar 23 ga Mayun 1889 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Woodsdale a jihar Kansas. Iyayenta ba masu hali ba ne, yau suna wannan gari gobe suna wancan wajen neman abin sawa a baki. Sai da ta kai shekara 13 kafin ta fara zuwa makaranta sosai, amma tana da shekara 17 har ta fara koyarwa. A 1910 ta auri Arthur Willebrandt, suka koma Arizona saboda tarin fuka da yake fama da shi. Daga can suka wuce Los Angeles a 1912.

A nan fa aka ga naci. Da rana tana aji tana koyar da yara, da dare tana aji ana koyar da ita shari'a a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma albashinta ne ke riƙe da gidan. Ta gama digirin lauya a 1916, ta ƙara na biyu a 1917. Tun a farkon aikinta ta riƙa tsaya wa matan da aka kama a birnin kyauta, yawancinsu a kan tuhumar karuwanci, har shari'o'in suka kai wajen 2,000. Ta kuma dage cewa in dai za a gurfanar da mace, to a kawo namijin da aka same su tare, shi ma ya tsaya gaban alƙali.

A 1921 Shugaba Warren Harding ya naɗa ta Mataimakiyar Antoni-Janar ta ƙasa, tana da shekara 32 kacal, mace ta biyu da ta taɓa riƙe muƙamin. Aka ɗora mata abu uku: shari'o'in harajin tarayya, gidajen yarin tarayya, da kuma dokar hana giya, wadda ta fara aiki a 1920.

Wannan ta ukun ita ce ƙarfen ƙafa. Hana giya ya sa masu fasa-ƙwaurinta suka yi kuɗi na fitar hankali, suka sayi 'yan sanda da jami'ai da 'yan siyasa. In an kama babban dila, shaidu su noƙe, don kowa na son ransa. Mabel sai ta kalli matsalar ta wani ɓangare. Mutum yana shiga manyan motoci, yana gina gidaje, amma bai taɓa cike takardar haraji ba. To kuɗin daga ina? Shaida zai iya jin tsoro ya gudu, amma littafin lissafi da takardun banki ba sa gudu.

Gwajin ya zo a shari'ar wani mai fasa-ƙwaurin giya daga jihar Karolina ta Kudu, Manly Sullivan. Hujjarsa ita ce, in ya bayyana abin da yake samu, ya tona wa kansa asiri ke nan, alhali tsarin mulkin Amurka ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta yarda da shi. Mabel ta tsaya wa gwamnati a Kotun Ƙoli, kuma a watan Mayun 1927 kotun ta yanke cewa kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya ma akwai haraji a kansa, kuma wannan kariyar ba ta ba mutum damar ƙin cike takarda ɗungurungum ba. Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ne ya rubuta hukuncin.

Da wannan hukunci jami'an haraji irin su Frank Wilson suka bi diddigin kuɗin Capone. A watan Oktoban 1931 aka same shi da laifin ƙin biyan haraji, aka ɗaure shi shekara 11. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A lokacin Mabel ta riga ta bar aiki, amma a kan tubalin da ta aza aka gina shari'ar.

Ta tsaya a gaban Kotun Ƙoli fiye da sau 40, duk da cewa jinta na raguwa, har takan ɓoye na'urar ji a cikin gashinta. Da ƙoƙarinta aka buɗe gidan yarin tarayya na farko na mata zalla a Alderson, da kuma gidan gyaran hali a Chillicothe don samarin da suka yi laifin farko, kada a cakuɗa su da tsofaffin hannu.

Amma fa ba ta fita ba tabo ba. A zaɓen 1928 ta shiga kamfe gadan-gadan don Herbert Hoover, ta caccaki abokin karawarsa Al Smith, har aka zarge ta da cusa addini cikin siyasa. Hoover ya ci, amma bai ba ta kujerar Antoni-Janar ba. A 1929 ta ajiye aiki. Abin da ya ƙara jawo mata surutu shi ne, ta zama lauyar wani kamfanin Kalifoniya mai sayar da ruwan inabin da mutane ke mayarwa giya a gida. Daga baya ta koma shari'ar harkokin jiragen sama da ta 'yan fim na Hollywood. Ta rasu a ranar 6 ga Afrilun 1963 a Riverside.

Ɗalibai masu karanta shari'a, da yawanku burinku manyan shari'o'in zaɓe ne ko na kisan kai, waɗanda ake yaɗawa a TikTok da Facebook. Darasin haraji kuwa ana ganinsa kamar kayan gundura, lissafi da takardu kawai. To ku tuna, lauyar gwamnati mai haƙurin karanta takardu ce ta samo abin da bindiga ta kasa. Kafin ku raina wannan kwas ɗin, ku sake tunani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.