Leo Fender, mai gyaran rediyon da ya ƙera jitar bas

A duk inda ƴan orkestra suka kafa kayansu, a Damagaram ne ko Yamai ko Kano, akwai wani sauti mai kauri da mutum kan ji a ƙirjinsa tun kafin ya ƙaraso filin wasa. Sautin jitar bas ke nan, mai tsirkiya huɗu da dogon wuya. Mai kaɗa ta galibi yana can baya kusa da mai ganga, ba a cika kula shi ba, amma da zarar ya ɗaga hannu sai rawa ta mutu. Mutumin da ya fitar da wannan jita a siffar da aka san ta a yau wani Ba'amurke ne, Clarence Leonidas Fender, wanda duniya ta fi sani da Leo Fender. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya kaɗa jita ba. Asalin sana'arsa gyaran rediyo ce, irin wadda ake yi a rumfunan kasuwar Dole.

An haife shi ranar 10 ga watan Agusta na 1909 a yankin Anaheim da Fullerton, cikin jihar Kalifoniya, inda iyayensa ke da gonar lemo. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilashi. Wannan lalura ce daga baya ta hana a ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya ɗan taɓa piyano da sakisofon yana yaro, amma hankalinsa ya koma wani wuri tun ranar da ya ziyarci shagon wani kawunsa mai gyaran wutar mota a garin Santa Maria, ya tarar da akwatin rediyon da kawun ya harhaɗa da tarkacen kayan gyara, yana ta magana da ƙarfi. Daga nan yaro ya shiga kwance rediyo yana ɗaurawa a gidansu.

Bai taɓa yin makarantar lantarki ba. Bayan ya gama sakandare a 1928, lissafin kuɗi ya karanta a kwalejin Fullerton, ya kuma yi aikin akawu a wani kamfanin ƙanƙara, sannan a hukumar hanyoyi ta jihar, sannan a wani kamfanin tayoyi. Zamanin karayar tattalin arzikin Amurka ne, aiki ba ya zama a hannun kowa. A 1938, bayan ya sake rasa aiki, ya ranci dala 600, shi da matarsa Esther suka koma Fullerton ya buɗe shagon gyaran rediyo. Makaɗan yankin suka gano shi, suna kawo masa amfilifayarsu da ta lalace, wasu na hayar lasifikokin da ya haɗa don wuraren rawa. A nan ya koyi abin da ya zame masa jari: ya ga inda kaya ke lalacewa, ya kuma saurari koken masu su.

Da wani abokinsa Doc Kauffman suka fara ƙera ƙananan jitocin lantarki irin na kiɗan Hawai, waɗanda ake kwantarwa a cinya. Kauffman ya janye a 1946, Fender ya ci gaba da sunansa shi kaɗai. A 1950 ya fito da jita mai tsirkiya shida wadda jikinta dunƙulallen katako ne, babu rami a ciki. Da farko an raɗa mata suna Broadcaster, sai kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa yana da ganguna masu kusan wannan suna, aka mayar da ita Telecaster. Manyan masu ƙera jita sun raina ta, don a idonsu allo ne kawai aka ɗaura wa sanda.

Allo da sandar nan su ne hikimar. Kafin Fender, jitar kirki aikin ƙwararren masassaƙi ce: a lanƙwasa siraran katakai, a rarake, a manna wuya da jiki da gam yadda ba za su rabu ba. In wuyan ya karkace, gyara ya zama babban aiki. Shi kuwa tunanin mai gyaran rediyo ya kawo. A yanka jiki daga falle guda na katako, a sassaƙa wuya dabam, a haɗa su da sukuru huɗu. Wuya ya lalace, a kwance shi a ɗaura wani. Kayan wuta ma suna kan ɗan faranti da ake iya ɗagawa a duba.

Bai tsira daga tuntuɓe ba. Jitocinsa na farko-farko sun fita kasuwa ba tare da sandar ƙarfe a cikin wuya ba, domin ya amince da ƙarfin katakon da ya zaɓa. Wasu wuyoyin suka lanƙwashe, abokan cinikinsa suka matsa masa, dole ya shigar da sandar da ake ɗaurewa ko a sassauta da noti don miƙar da wuya. Da ya zo ƙera bas wannan darasi ya yi masa rana, don jan tsirkiyoyi huɗu masu kauri ya haura nauyin kilo 60, kuma dare da rana suke jan wuyan.

Matsalar da ya so warwarewa a bayyane take. A lokacin, sauti mai kauri a orkestra daga kwantarabas yake fitowa, wato ƙaton gogen Turawa da ke tsaye a ƙasa, tsawonsa kusan na mutum. Ɗaukarsa wahala ce, sau da yawa a saman mota ake ɗaure shi. Ga shi kuma tun da jita ta samu lantarki, ganguna da ƙahonni na tashi, ba a jin muryarsa sosai. Wuyansa kuma sumul yake kamar na goge, sai wanda ya daɗe yana koyo ke sanin daidai inda zai danna. A ƙarshen 1951 Fender ya fitar da Precision Bass. Ana rataya ta a kafaɗa, tsirkiyoyinta huɗu an ɗaure su a kan muryoyin kwantarabas, a wuyanta kuma an gitta ƴan sandunan ƙarfe 20 waɗanda ke yanke kowace murya daidai. Ma'anar sunan ke nan, daidaito. Duk mai kaɗa jita na iya ɗaukarta ya samu abin yi cikin ɗan lokaci, a zamanin da manyan ƙungiyoyin kiɗa ke rage mutane.

Ba shi ne ya fara tunanin ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Tun wajajen 1936 wani malamin kiɗa a birnin Seattle, Paul Tutmarc, ya ƙera bas ta lantarki mai irin waɗannan sanduna a ƙarƙashin sunan Audiovox, amma ba ta samu kasuwa ba. Abin da Fender ya ƙara shi ne awon da ya dace, da hanyar ƙerawa da yawa, da kuma amfilifayar da za ta ɗauki sautin, wadda ya fitar a 1952 da sunan Bassman.

Awon da ya tsayar shi ne inci 34, kimanin santimita 86, daga inda tsirkiya ta tashi a kan wuya zuwa inda ta sauka a gadar da ke jiki. In ta gaza haka da yawa sautin ya yi laushi ya cakuɗe, in ta zarce yatsu su kasa kaiwa. Har gobe mafi yawan masu ƙera bas wannan awo suke bi, kuma wanda ya ce zai haɗa tasa a gida daga nan yake farawa. Sanda ta 12 tana faɗawa a tsakiyar wannan tsawo, sauran kuma suna ƙara matsewa yayin da ake gangarowa wajen jiki. Kuskuren milimita biyu a nan ya isa ya sa jita ta riƙa ƙarya har abada, komai kyan fentinta. Ya kuma fitar wa jikin ƙaho biyu, na sama ya fi tsawo, domin in an rataya ta nauyin dogon wuyan kada ya rinjaya ƙasa. Wannan siffa ce ya gyara ya mayar kan Stratocaster a 1954.

Abin da ke ɗaukar sautin kuwa ba wani sihiri ba ne. Ƴan guntayen mayen ƙarfe ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansu sai ƴar wuta ta motsa cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. A 1957 ya raba wannan naɗi gida biyu, kowane ɓangare na kula da tsirkiya biyu, aka juya su yadda ƙugin wutar lantarki da ke shiga ɗaya zai kashe na ɗayan. Mata ne suka fi yin aikin naɗin a masana'antar. Ɗaya daga cikinsu, Abigail Ybarra, ta shiga kamfanin a 1956 ba ta ajiye aiki ba sai 2013.

Sai ado. Na farko an fesa musu siririn fenti mai ruwan zuma wanda ke barin zanen katako a fili. Daga baya aka shigo da launukan fentin mota na kamfanin DuPont, ja da shuɗi da kore irin na motocin Amurka na lokacin, mai so ya ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan farashi. Aikin haƙuri ne: a goge katako ya yi santsi, a toshe ƙofofinsa, a fesa kaɗan, a bari ya bushe, a sake gogewa, a sake fesawa, sai a ƙarshe a murza shi ya yi sheƙi. Mai gaggawa a wannan mataki shi ke ganin fenti ya yi ƙuraje. A ƙasa irin tamu akwai ƙarin abin lura, don katakon da bai bushe sosai ba in hunturu ya kama shi sai ya tsuke, bakin sandunan ƙarfe su fito suna yankar yatsa, in damina ta sauka kuma ya kumbura.

Kasuwar ba ta buɗe nan take ba. Masu kwantarabas da dama sun ɗauke ta abin wasan yara. Lionel Hampton, shugaban wata babbar ƙungiyar jaz, na cikin waɗanda suka fara karɓarta, kuma makaɗinsa Monk Montgomery ya zagaya da ita har Turai a 1953. Kafin shekara goma ta cika ta mamaye fage, har ya zama a Amurka in an ce bas ta lantarki sai a ce bas ta Fender, ko ta wane kamfani ce. James Jamerson ya kaɗa Precision a tarin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit. Ƙanwarta Jazz Bass, mai siririn wuya, wadda ta fito a 1960, ita ce a hannun Aston Barrett a bayan Bob Marley. Ita ma amfilifayar Bassman ta yi nata tarihin: masu jita suka ƙwace ta daga masu bas, kuma a kan tsarinta Jim Marshall ya gina tasa a Landan a 1962.

Wannan dabi'a ta haɗa kayan kiɗa da abin da hannu ya samu ba baƙuwa ba ce a nan. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi gwangwani ne da fata da tsirkiya guda. Mdou Moctar na jihar Tawa da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau kuma Stratocaster yake ratayawa a manyan dandalin duniya. Bambancin Fender shi ne ya mayar da dabarar tsari mai awo wanda kowa zai iya bi. Shi ya sa a yau kafinta mai natsuwa, in ya samu busasshen katako da ma'auni na gaskiya da kayan wuta, zai iya fitar da bas a tsakar gidansa, ya ɗauko wuya daga nan, gada daga can, su zauna da juna.

A farkon shekarun 1960 rashin lafiya ta dame shi, wata cutar hanci da ta ƙi jin magani, har ya ɗauka kwanansa ya kusa. A watan Janairu na 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, da sharaɗin ba zai yi gogayya da su ba na tsawon shekaru. Sai kuma ya sauya likita ya warke. A ganin makaɗa da yawa ingancin kayan ya ja baya a hannun sababbin masu shi, musamman da aka koma fenti mai kauri, abin da ya sa jitocin da aka ƙera kafin 1965 suka zama kayan tsada.

Kuɗi ba su sauya shi ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da tufafi marasa ado da aljihun riga cike da alƙaluma da ƙananan sukundireba, baƙo na iya ɗaukarsa ɗaya daga cikin ma'aikata. Da wa'adin sharaɗin ya cika ya zama shugaban kamfanin Music Man a 1975, shekara guda bayan haka suka fitar da bas mai suna StingRay, wadda ke ɗauke da batir da ƴar na'urar gyara sauti a cikin jikinta. Esther ta rasu a 1979, ya auri Phyllis a 1980. A daidai wannan lokaci ne shi da tsofaffin abokan aikinsa George Fullerton da Dale Hyatt suka kafa G&L, harafin farko na George, na biyu na Leo, a garin Fullerton ɗin dai.

A shekarunsa na ƙarshe cutar Parkinson mai sa karkarwa ta kama shi, amma bai daina zuwa ɗakin gwajinsa ba. Ya rasu ranar 21 ga watan Maris na 1991 yana da shekara 81, aka binne shi a Santa Ana kusa da matarsa ta farko. A 1992 aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka, kuma Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones, wanda ya shafe shekaru yana kaɗa Telecaster, shi ya gabatar da shi.