Likitan Da Ya Bar Bizarsa Ta Mutu

'Yan'uwa, a nan Zariya idan ɗa ya sami bizar Amurka, har maƙwabta sai sun shigo taya murna. Viktor Frankl ya sami irin wannan takarda a 1941, lokacin da za ta iya ceton ransa, amma bai tafi ba.

Bayahude ne, likitan ƙwaƙwalwa, haifaffen Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1905. Tun 1938 ƙasar ta faɗa hannun Hitila, ana ta farautar Yahudawa. Bizar tasa ce shi kaɗai, ban da tsofaffin iyayensa. Yana cikin wannan tsaka mai wuya, sai ya tarar da gutsuren dutse a gida. Mahaifinsa ne ya tsinto shi a kangon majami'ar da aka ƙone. Ɓallin allon Dokoki Goma ne, harafin da ke jikinsa kuwa na dokar girmama uba da uwa ne. Frankl ya zauna, bizar ta mutu.

Da ma in ce muku wannan biyayya ta tsirar da gidan. Ba ta tsirar ba. A Satumbar 1942 aka kwashe shi da iyayensa da amaryarsa Tilly zuwa sansanin Theresienstadt. Can yunwa da ciwon huhu suka kashe mahaifin, ɗansa na jinyarsa. A Oktoban 1944 aka tura su Auschwitz, inda aka kashe mahaifiyarsa da iskar guba.

A ƙofar Auschwitz aka tuɓe masa kwat, alhali a cikinta ya ɗinke rubutun littafin da ya shekara da shekaru yana yi. Aka miƙa masa tsumman wani da ya riga ya mutu. Da ya sa hannu a aljihu, sai ga shafi guda da aka yago daga littafin addu'a, ɗauke da kalmomin Maimaitawar Shari'a 6:4, waɗanda Bayahude yakan furta safe da yamma, da kuma a bakin mutuwa. Wa ya ɓoye shi, ya kuma kai shi har nan? Allah kaɗai ya san sunansa.

Daga nan aka kai Frankl aikin bauta a Kaufering da Türkheim, lambarsa 119104. Zazzaɓi ya kama shi, yana ta farfaɗo da littafin nan a kan guntayen takardu. Abin da ya lura da shi shi ne, fursunan da ke da wanda yake jira, ko aikin da bai gama ba, ya fi jure wahala. Shi Tilly yake jira.

Sojojin Amurka suka 'yantar da sansanin ran 27 ga Afrilu 1945. Sai da ya koma Biyana ya ji cewa Tilly ta mutu a Bergen-Belsen, ɗan'uwansa Walter ma ya tafi. 'Yar'uwarsa Stella ce kawai ta rage, a Ostireliya.

Cikin kwana 9 ya zayyana abin da ya gani, aka buga a 1946. Ya ci gaba da duba marasa lafiya a birnin da aka kore shi, ya sake aure a 1947, ya haifi 'ya mace. Ya rasu ran 2 ga Satumba 1997, yana da shekara 92.