Jacob Hübner: Mai zanen atamfa da ya raɗa wa ƙwarin dare suna, ya bar masana cikin gardama

Al'adar masana halittu ce idan sun rubuta sunan wata dabba ko ƙwaro su biyo shi da sunan wanda ya raɗa da shekarar da ya raɗa. A gaban sunan Lithophane, wani dangi na ƙwarin dare, abin da ake rubutawa shi ne Hübner, 1821. Sai dai masu kiyaye ƙa'ida kan killace wannan shekara cikin baka mai kusurwa, alamar cewa ba a jikin littafin aka same ta ba, bincike ne ya tono ta daga baya. Binciken kuwa bai kammala ba sai bayan fiye da shekara 100 da rasuwar mai littafin.

Ƙwarin da ake magana 'yan uwan malam-buɗe-littafi ne, amma su da dare suke tashi, irin waɗanda ke rububin fitila. Suna cikin babban gidan Noctuidae, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin mujiya, kuma yake da nau'i fiye da 10,000. Dangin Lithophane na zaune ne a Turai da arewacin Asiya da Arewacin Amurka. Fukafukansu sirara ne masu launin toka ko ƙasa-ƙasa, idan suka naɗe su a jikin itace sai a ɗauka ɓawo ne ko tsakuwa. Daga nan sunan ya fito, domin a Girkanci ma'anarsa mai kama da dutse. Suna ƙyanƙyashewa da kaka, su laɓe tsawon hunturu, sai sanyi ya sassauta su fito su yi ƙwai. Tsutsar wani nau'insu, Lithophane antennata, tana ɓarna a gonakin tuffa na Amurka.

Ɗan birnin masaƙa

An haifi Jacob Hübner ranar 20 ga Yuni, 1761, a Augsburg da ke kudancin Jamus ta yau. A lokacin birnin yana cin gashin kansa a ƙarƙashin daular da ta haɗa ƙasashen Jamusawa. Ya yi suna a fannoni biyu: sassaƙa hotuna a farantin tagulla domin bugawa, da buga ado a yadin auduga, dangin abin da a nan ake kira atamfa.

Hübner bai yi karatun jami'a ba. Sana'ar garinsu ya koya, wato zana adon yadi da sassaƙa shi domin masaƙa. Aiki ne da ba ya son ganganci, domin layi guda da ya karkace a faranti zai maimaitu a kowane ƙwaryar yadi da aka buga. Wannan horo na ido da hannu shi ya mayar kan fukafukan ƙwari, inda ɗigo ɗaya ko zare ɗaya na launi kan raba nau'i da nau'i.

A ƙarshen shekarun 1780 neman abinci ya kai shi Nemyriv, wani gari da ke cikin Yukren a yau, inda ya yi 'yan shekaru yana zane a wata masana'antar yadin auduga. Bayan tashi daga aiki yakan fita farautar ƙwari. Waɗanda ya kamo a can da na kewayen Augsburg su ya zana a littafinsa, Beiträge zur Geschichte der Schmetterlinge, wanda ya fara fitowa a 1786, yana da shekara 25, aka kammala a 1790.

Littafi kashi-kashi

Da ya komo gida sai ya ɗauko aikin da ya cinye sauran rayuwarsa. A 1796 ya soma fitar da Sammlung europäischer Schmetterlinge, kundin hotunan malam-buɗe-littafi da ƙwarin dare na nahiyar Turai. Ya haɗa da wani kundi na tsutsotsinsu da tsirran da suke ci, sannan daga 1806 ya ƙara da na ƙasashen nesa, waɗanda 'yan kasuwa da masu tara ƙwari ke kawowa Turai a busashe. Kowane hoto sai an zana, an sassaƙa a tagulla, an buga, kana a shafa masa launi da hannu. Farantan da aka yi wa wannan hidima sun kai ɗaruruwa, kuma har yau ana lissafa su cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a fannin.

Aiki irin wannan yana cin kuɗi, Hübner kuwa ba attajiri ba ne. Hanyar da ta rage masa ita ce wadda masu irin wannan littafi suka saba bi a zamanin: a fitar da 'yan faranti a sayar wa masu biyan kuɗi, a yi amfani da abin da aka samu a buga na gaba. Mai saye kan tara su shekara da shekaru kafin ya kai wa mai ɗinkin littafi. Lokacin ma ba na kwanciyar hankali ba ne. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun ratsa kudancin Jamus, kuma a 1806 Augsburg ta rasa 'yancinta aka haɗe ta da masarautar Bavariya. Duk da haka aikin bai tsaya ba.

Abin da bai yi ba shi ne rubuta ranar fitowa a jikin akasarin farantan da shafukan. Ga mai saye na wancan lokaci wannan ba komai ba ne. Ga waɗanda suka zo daga baya shi ne tushen rikici.

Takarda ɗaya, gardamar shekara 120

A 1758 masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya zuba dukkan malam-buɗe-littafi da ƙwarin dare cikin dangi uku kacal. Hübner, wanda kullum yake ƙura musu ido yana zanawa, ya ga cewa wannan rabo ya yi musu kaɗan. A 1806 ya buga wata takarda guda mai shafi biyu da aka fi sani da Tentamen, wato gwaji, inda ya jero sabon tsarin da yake tunani tare da sababbin sunaye. Taken takardar da kansa ya nuna cewa masana ya miƙa wa domin su duba su yanke hukunci.

Cikakken tsarin ya zo ne a Verzeichniss bekannter Schmettlinge, jerin dubban nau'o'in da aka sani a zamaninsa, wanda ya rarraba cikin ɗaruruwan dangogi. A shafin farko an rubuta 1816, amma kashi-kashi littafin ya riƙa fitowa har zuwa 1826. Cikinsa sunan Lithophane ya fara bayyana.

Da yawa daga masanan zamaninsa sun yi amfani da hotunansa amma suka kawar da kai daga sunayensa. Hujjarsu ita ce ya dogara ga launi da zanen fukafuki fiye da ƙirar jiki, bayanansa kuma gajeru ne. Wasu suka raɗa nasu sunayen ga dangogin da ya riga ya ware. Haka aka tafi har ƙa'idar rigaye ta kafu a fannin, wadda ta ce idan sunaye biyu suka haɗu a kan halitta ɗaya, wanda aka fara bugawa shi ne halastacce. Daga nan tambayar da ba wanda ya damu da ita a da ta zama babba: wace shekara kowane shafi na Hübner ya fito?

A 1873 masanin Amurka Samuel Scudder ya sake buga Tentamen, gardama ta ɓarke tsakanin masu cewa a dawo da sunayen Hübner da masu ganin hakan zai birkita sunayen da aka saba da su. Sai a 1926 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta yanke hukunci cewa takardar ba ta cika sharuɗɗan bugawa ba, don haka sunayen cikinta ba su da ƙarfi. Wani daga cikinsu, Heliothis, ya koma hannun Ferdinand Ochsenheimer, ɗan wasan kwaikwayo a Biyana kuma masanin ƙwari, wanda ya yi amfani da shi a littafinsa na 1816.

Hübner bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Ya rasu a Augsburg ranar 13 ga Satumba, 1826, yana da shekara 65, kundayensa ba su kammala ba. Mataimakinsa Carl Geyer ya ci gaba da fitar da farantan, bayansa kuma wani likita a Regensburg, Gottlieb Herrich-Schäffer, ya karɓa. Wannan ya ƙara wa masu bincike aiki, domin sai an tantance abin da ya fito daga hannun Hübner da abin da magadansa suka ƙara.

Ma'aikacin gwamnati ya bi sawu

Wanda ya warware ƙullin shi ma ba malamin jami'a ba ne. Francis Hemming babban ma'aikacin gwamnatin Birtaniya ne, wanda a 1936 aka naɗa sakataren kwamitin ƙasashen Turai da suka yi alƙawarin ba za su tsoma baki a yaƙin basasar Sifaniya ba. A shekarar ce kuma ya zama sakataren hukumar sunayen dabbobi, muƙamin da ya riƙe har 1958.

Hemming ya yi wa littattafan Hübner irin binciken da ake yi wa kundin kuɗin da aka ɓatar da rasitansa. Ya bi rubuce-rubucen hannu da Hübner da magadansa suka bari, da jerin kayan sayarwa da suke bugawa, da littattafan wasu marubuta da suka ambaci wani faranti. Idan wani jeri bai ambaci faranti ba amma na bayansa ya ambata, to tsakanin biyun ya fito. Da haka ya ƙuntata wa kowane kashi lokacinsa. Sakamakon ya fito a 1937 cikin juzu'i biyu a Landan, daga baya hukumar ta amince da shekarun da ya tsayar wa Verzeichniss. Shafukan da ke ɗauke da Lithophane suka faɗa a 1821, sunan ya tabbata na Hübner. Haka sunayen dangogi masu yawa da aka yi watsi da su yana raye suka dawo masa.

Sunan da ya iso gonakin Arewa

Ƙwarin Lithophane ba na yankin nan ba ne, amma wani ɗan gidansu da Hübner ya zana ya kuma raɗa wa suna armigera sananne ne ga manomin auduga a Funtuwa da manomin tumatir a Kadawa. Tsutsarsa ce ke huda ƙwallon auduga da 'ya'yan tumatir, tana kuma cin masara da dawa da wake. Tana cikin ƙwarin gona mafiya ɓarna a Afirka da Asiya da Ostireliya, kuma ta shahara wajen jure magungunan feshi. Mutumin da ya ci abinci da zanen yadin auduga shi ne sunansa ya manne wa ɗaya daga manyan abokan gabar auduga.

A nan ake ganin cewa gardamar suna ba wasan malamai ba ce. An daɗe ana ɗaukar wannan tsutsa da wata 'yar uwarta ta nahiyar Amurka a matsayin abu ɗaya, sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka tabbatar daban suke. A 1965 masanin Kanada David Hardwick ya ware musu dangin Helicoverpa. Wannan bambancewa ce ta ba da damar gane cewa baƙuwa ce ta shiga gonakin Burazil, lamarin da aka tabbatar a 2013. Haka ma a Najeriya, ƙwaron da ya cinye tumatir a 2016 wani ne daban, Tuta absoluta, kuma tsutsar masarar da ta ɓulla a shekarar ita ma daban take. Jami'in gona da bai rabe tsakaninsu ba zai iya sa manomi ya kashe kuɗi a kan maganin da ba zai yi aiki ba, gwamnatin da ba ta rabe ba kuma za ta iya sayo shi da kuɗin jama'a.

A takardun binciken noma na yau ana rubuta cikakken sunan tsutsar audugar da baka iri biyu. Na waje, mai lanƙwasa, yana nuna cewa an ɗauke ta daga dangin da Hübner ya fara sa ta. Na ciki, mai kusurwa, yana kewaye da 1808, shekarar da bincike ya nuna farantin ya bar hannun mai zanen Augsburg.