Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako

An haifi marigayi Seydou Keïta a birnin Bamako wajen shekarar 1921, zamanin da Mali take ƙarƙashin mulkin Faransa. Aikin katako ya gada wurin mahaifinsa. A 1935 kawunsa ya komo daga Senegal da ƴar na'urar hoto ta Kodak, ya ba shi ita. A 1948 ya buɗe wurin aikinsa a unguwar Bamako-Kura, kusa da gidan kaso, mutanen gari da baƙin jirgin ƙasa suka yi ta zuwa.

Da hasken rana ya yi galibin aikinsa, cikin tsakar gida. Kowa ya san ranar ƙasashenmu: idan ta take tsaka, sai ta zuba inuwa cikin gurbin ido da ƙarƙashin hanci, goshi ya yi ƙyalli, sauran fuska ta dushe. Da wuya a ga wannan aibi a hotunansa. Haske yakan sauka kan fuska a hankali, inuwa ta tsaya daidai gwargwado, har a bambance tsagar kumatu da saƙar kitso. Ga shi kuma kayan aiki da tsada, sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum. Saboda haka kafin ya taɓa na'ura sai ya gama gyara zama: ya ɗan karkata kafaɗa, ya juya fuska, ya shimfiɗa yatsu bisa gwiwa don zobe ya fito. Wata macen ya sa ta kishingiɗa bisa gwiwar hannu, zanenta ya bazu.

Labulensa na fari murfin gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sauya yadudduka masu zane. A ganinmu nan ne wani lokaci yakan zarce, don adon labule yana haɗiye na tufafi, ido ya rasa iyakar jiki. Agogo da alƙalami da rediyo da Vespa da ake gani kuwa, yawancinsu nasa ne, aro yake bayarwa. Mai hoto ya koma gida da kamannin da yake buri.

A 1962 gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto, ba a jima ba ya rufe wurinsa, ya huta da aiki a 1977. A 1991 aka baje hotunansa a birnin Niyok babu sunansa, aka danganta su ga wani mai hoto da ba a sani ba. Sai da Bafaranshe André Magnin ya bi sawu har Bamako, ya tarar da shi da dubban fim a adane. A 1994 aka yi masa nuni nasa na kansa a Faris. Manyan hotunan da aka wanke a wannan zamani baƙinsu da farinsu sun fi tsanani bisa ga ƙananan da ya miƙa wa masu su da hannunsa. Ya rasu a Faris cikin watan Nuwamba na 2001.