Likita Miller na Zariya

An haifi Likita Walter Miller a Ingila cikin 1872. Ya koyi Hausa a Tarabulus, kana ya iso Kano tare da Bishop Tugwell cikin 1900. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku. Sai 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya. Mu da mukan yi gunaguni idan wa'azin shekara guda bai ba da amfani ba, bari mu dubi aikinsa na kullum: wanke gyambo, koya wa yara karatu, da juya Maganar Allah aya aya tare da abokan aikinsa. Littafi Mai Tsarki dukansa bai fito da Hausa ba sai 1932. Ya rasu cikin 1952.